An ba ni shugabancin makaranta, mataimakina kuma malamina ne

Abban Sadik:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa malamai. Shawara nake nema, kuma ina so a gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Ranar Alhamis aka kira ni ofishin shiyya aka miƙa mini takarda daga Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare. An tura ni shugabancin wata makarantar maza ta je-ka-ka-dawo a cikin birnin nan na Kano, ba zan ambaci sunanta ba. Shekarata 16 ina koyar da lissafi, uku na ƙarshe ina mataimaki mai kula da karatu a wata ƙaramar makaranta a bayan gari. Ban taɓa riƙe makaranta da kaina ba.

Jumma'a da sassafe na je in ga wurin kafin in kama aiki. Ina shiga ofis wa zan gani a kan kujerar shugaba? Malamin da ya koya mini labarin ƙasa ina aji huɗu. Shi ne mataimaki mai kula da mulki, shi ke riƙon ƙwarya wata biyar tun da tsohon shugaban ya yi ritaya, kuma na ji kowa ya ɗauka shi za a tabbatar wa. Saura masa shekara biyu ya ajiye aiki. Ina ƙoƙarin durƙusawa in gaishe shi sai ya riga ni miƙewa, ya kauce gefe, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kujerarka." Wallahi na kasa zama. A tsaye muka yi maganar gaba ɗaya.

Na biyu kuma abin da idona ya gani. Ƙarfe takwas da rabi na duba littafin sa hannu, malamai tara ne suka sa cikin talatin da wani abu. Akwai ajin da yara suka haura ɗari, rabinsu a ƙasa. Katangar baya ta rushe, an ce bayan hutun tara yara da yawa ta nan suke ficewa.

Litinin zan fara. In shiga da zafi in gyara tun ranar farko, ko in yi shiru in kalla tukuna? Kuma yaya zan yi da malamina?

Ummu Nana:
Masha Allah. Allah ya taya ka riƙo Malam, ya ba ka ikon sauke nauyi.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya sanya alheri. Ni dai tawa shawarar gajeriya ce: ka shiga da zafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mako biyun farko malamai ke auna sabon shugaba, abin da suka gani a cikinsu shi za su riƙe har ka bar wurin. Litinin ƙarfe takwas ka ɗauki jan biro ka ja layi a littafin, wanda ya zo bayan nan ya sa hannu a ƙarƙashi. Sau uku, takardar tuhuma. Na yi aiki da shugaban da ya zo yana ta murmushi yana cewa sai ya fahimci yanayi, har aka ɗauke shi bai gama fahimta ba, mu da muke zuwa da wuri mu muka zama wawaye.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, barka da wannan nauyi. Na riƙe makarantu huɗu kafin in ajiye aiki, bari in gaya maka abin da ba wanda ya gaya mini lokacin da aka ba ni ta farko.

Kafin jan biro, kafin taron malamai, akwai takardar miƙa aiki. Kada ka sa mata hannu ranar Litinin, ko da an ce maka daga shiyya ake jira. Ka ɗauki mai kula da sito da siniya masta ku bi aji aji ku ƙirga da hannunku. Benci nawa, tebur nawa, mai lafiya nawa, karyayye nawa. Ku shiga ɗakin gwaje-gwaje ku buɗe kowace durowa. Idan takarda ta ce akwai kwamfuta ashirin, a kunna maka ashirin ka gani. Ni a makarantata ta farko kunya ta sa na sa hannu a kan abin da ban ƙirga ba, bayan shekara masu bincike suka zo aka nemi kujeru tamanin aka rasa. Wanda ya miƙa mini ya daɗe da tafiya, hannuna ne a takarda, ni na amsa.

Abin da ya fi kujeru hatsari shi ne satifiket ɗin tsofaffin ɗalibai da ba su zo sun karɓa ba. Na WAEC, na NECO, da na NBAIS, wato na Larabci da addinin Musulunci, idan makarantar tana yi. Ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da littafin da masu karɓa ke sa hannu, ka canza kwaɗon akwatin, makulli ya zauna a aljihunka. Kujera idan ta ɓata kafinta zai yi wata. Satifiket ɗin ɗan mutane idan ya ɓata, sai ranar da ya samu aiki zai zo maka da kuka.

Sai babbar rajistar ɗaukar ɗalibai, da littafin tarihin makaranta wanda shugaba kaɗai ke rubutu a ciki. Ka zauna ka karanta shi daga shekara biyar baya. Za ka san makarantar fiye da yadda kowa zai ba ka labari. Sai asusun banki: a fitar maka da bayanan shige da fice, a canza masu sa hannu a rubuce.

Game da malaminka. Kada ku yi wannan magana a ofis. Gobe Asabar bayan la'asar ka nemi gidansa, ka je kai kaɗai, ka cire takalmi ka zauna a ƙasa kamar yadda ka saba. Ka ce masa ba ka nemi a tsallake shi ba, kuma ba za ka iya wurin nan ba sai da shi. Amma ranar Litinin ka zauna a kan kujerar nan. Idan ka ci gaba da tsayuwa, shi za ka fi wahalarwa, domin malamai za su rabu biyu, wasu su riƙa kai masa ƙararka suna cewa ai shi ne shugaba na gaskiya. Shi da ya miƙe ya ba ka, ya san abin da yake yi.

Abban Sadik:
Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi maganar satifiket ko a raina ba ta zo ba. Amma idan na tsaya ƙirga kaya, malamin nawa ba zai ga kamar ina zarginsa ba? Shi ne fa ya riƙe wata biyar.

Baba Mai Ritaya:
Shi ya sa na ce ka je gida tukuna. Ka gaya masa da bakinka cewa za a ƙirga, kuma kana so ya tsaya a yi da shi. Mutumin da saura masa shekara biyu ya fi ka buƙatar takarda mai tsabta, domin idan ya zo fitar da takardun fansho ba ya son wani abu ya biyo shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Malama Hotoro:
Ina so in koma kan maganar Ɗan Gwammaja, domin ni ina cikin waɗanda za a ja wa layin. Gidana Hotoro, makarantar da nake koyarwa tana can wajen Rijiyar Lemo. Adaidaita biyu nake hawa, wata rana uku, kuma sai na sallami yarana huɗu tukuna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama shi ne babban abin da ke cin albashina. Sau biyu ina rubuta neman a dawo da ni kusa da gida, shiru. To a ja mini layi, a ba ni takarda, gobe ma haka zan zo, sai dai in zo da ɓacin rai.

Ba cewa nake makara daidai ce ba. Ina cewa malaman nan ashirin da ba su sa hannu ba, ba abu ɗaya ne ya hana su ba. Akwai mai nisa, akwai wanda yake da darasi a makarantar kuɗi da safe sai ya gama can ya zo, akwai wanda ya buɗe shago a Kwari ya mai da koyarwa aikin gefe, akwai kuma wanda ya duba ya ga ba ya da aji sai ƙarfe goma. Jan biro ba ya bambance su.

Abin da shugabarmu ta yi mana, kuma ya yi aiki: ta kira mu ɗaya ɗaya ta tambayi inda kowa yake zaune, sannan ta zauna da mai tsara jadawalin darasi. Na kusa su suka ɗauki darasin farko da na biyu. Mu na nesa aka tura mu bayan tara, da sharaɗin ba mai fita sai an tashi, kuma mu muke duba yara lokacin tashi. Yanzu da wuya ka ga aji babu malami.

Ɗan Gwammaja:
Malama ina girmama ki, amma wannan tsarin hukunta na kusa ne. Don ina zaune kusa da makaranta sai kullum ni ne na bakwai da rabi, wani kuma ya zo tara, albashi ɗaya? Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa Asibitin Murtala daga Hotoron ai ita ma adaidaita take hawa, kuma ba a ce mara lafiya ya jira ta.

Malama Hotoro:
Kai kana tafiya sallar azahar ba ka dawowa, ni ina nan har a kulle ƙofa. Awannin ɗaya ne, Malam. Ba kai da kanka nake nufi ba, irinku na kusa nake nufi.

Siniya Masta:
Ku yi haƙuri ku biyun. Abban Sadik, littafin sa hannu ba ya faɗin gaskiya, ana sa wa juna. Wanda ya kamata ka riƙe shi ne na shiga aji. Ka ba kowane monita takarda, darasi darasi, malami ya shiga ya sa hannu ya rubuta abin da ya koyar, a kawo maka kafin a tashi. Mako ɗaya ya ishe ka ka san waye waye. Sannan ka karɓi dayarin kowane aji ka gwada da littattafan yara uku ko huɗu. Za ka ga an rubuta an gama darasin mako na takwas, a littafin yaro kuwa ana na uku.

Maman Khalifa:
Ni ba malama ba ce, uwa ce, ɗana yana aji biyar a irin makarantar da Malam ya kwatanta. Don Allah ku bar ni in faɗi abin da ke ci mini rai game da ficewa bayan tara.

Na sha dukan yaron nan a kan haka har na gaji na zaunar da shi. Ya ce Umma idan an dawo daga tara ba mai shigowa, sai a yi ta surutu da faɗa, gara ya tafi Farm Centre wurin ubangidansa mai gyaran waya, can ko ba komai zai koyi abu kuma a ba shi na abinci. Na rasa abin da zan ce masa. Sannan ya ce banɗakin makarantar ba ya shiguwa, ba ruwa, wanda ya matsu dole ya haura katanga, kuma wanda ya haura ba ya dawowa.

To Malam, ko ka gina katanga ta kai sama, idan aji babu malami za su nemi hanya. Ka fara da ruwa da banɗaki da malami a aji bayan tara. Kuma idan ka kira taron iyaye kada ka sa shi safiyar ranar aiki, iyayensu maza suna kasuwa. Ka sa Asabar ko Lahadi, ka aika wa masu unguwanni da limamai su faɗa a masallaci. Mu mata kuma a ware mana wuri, za mu zo.

Abban Sadik:
Hajiya wannan magana ta shige ni. Ban leƙa banɗakin ba ranar Jumma'a, gaskiya. Litinin da shi zan fara.

Sai dai ga inda nake jin tsoro. Gyaran famfo kuɗi ne, alli ma kuɗi ne. Tun 2019 da gwamnati ta ce ilimi kyauta ne kuma dole, karɓar kuɗi daga hannun yara ya zama abin da ke cire shugaba daga kujera. Da me ake gyaran?

Baba Mai Ritaya:
Kada ka karɓi ko naira ɗaya daga hannun yaro ba tare da takardar izini daga sama ba, ko wa ya ce maka haka ake yi. Ranar da abin ya fashe, masu cewa haka ake yi ba za ka gan su ba.

Kana da kwamitin SBMC, na al'ummar da ke kewaye da makaranta. A wurare da yawa suna ne kawai a takarda. Ka tashe shi. Ka nemi mai unguwa, liman, wakilan iyaye maza da mata, da mutum ɗaya ko biyu daga 'yan kasuwar unguwar. Kada ka ba su labari a ofis, ka zagaya da su su shaƙi warin da yaransu ke shaƙa. Sannan tsofaffin ɗalibai. Duk makarantar da ta shekara talatin a Kano tana da wani a Kwari, wani a Singa, wani a Sakatariyar Audu Baƙo. Dubi yadda tsofaffin ɗaliban Kwalejin Rumfa ke tsaya wa makarantarsu, ita da take nan tun 1927. Taku ba ta kai ta shekaru ba, amma ba ta rasa 'ya'ya.

Idan sun kawo, kada kuɗin ya bi ta hannunka. Su sayi siminti, su kawo mai gyaran famfo, kai ka nuna wuri. Abin da ya shigo da abin da aka kashe a rubuta a liƙa a allon sanarwa kowa ya gani. Kuma ka rubuta wa hukuma ta hannun daraktan shiyya, da hotuna, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ana gyaran makarantu, amma wanda takardarsa ke kan tebur shi ake tunawa da shi.

Malam Mai Kimiyya:
Duk kun yi magana mai kyau, amma ba wanda ya taɓo inda ake karya sabon shugaba. Jarrabawa.

Malam, ka shirya. Kafin kwalifayin na 'yan aji biyar, wato jarrabawar tantancewa ta gwamnati, wasu za su shigo ofishinka su rufe ƙofa su ce, yallaɓai yaya za a yi da yaran nan? Za su ce maka 'ya'yan talakawa ne, idan ba su ci kwalifayin ba gwamnati ba za ta biya musu NECO ba, iyayensu kuma ba su da shi, shi ke nan karatu ya ƙare. Kuma wannan ɓangaren gaskiya ne, shi ya sa maganar take da nauyi. Daga nan sai a ce a ɗan haɗa wani abu na masu sa ido, a bar malaman darasi su shiga. Idan ka yarda sau ɗaya, ka gama ja wa kowa layi, domin wanda ya rubuta amsa a allo da saninka ba za ka iya ba shi takardar tuhuma a kan makara ba.

Ɗan Dorayi:
To amma a faɗi ɗaya gefen. Idan ya hana, sakamako ya faɗi warwas, wa za a kira? Shi. Za a ce makarantar da take fitar da yara da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, daga zuwansa ta rushe. Iyaye su taso, 'yan unguwa su taso, wataƙila ma a tare shi a hanya. Makarantar da ke kusa da shi kuma ana yi. Yaransa ne kawai za su zauna a gida. Ni ban ce a yi ba, amma mai cewa a hana ya faɗi yadda za a yi da wannan.

Malam Mai Kimiyya:
Yaran da aka rubuta wa amsa ai su ma gida suke zama, sai dai a jinkirta musu. JAMB a kwamfuta ake yi, ba mai shiga ya rubuta maka. Ina da ɗalibin da ya fita da sakamako mai kyau a kimiyyar sinadarai, ya zo gidana yana kuka bayan ya zauna JAMB sau biyu, ya ce Malam da kun bar ni na faɗi tun farko da na san matsayina. Har yau ina jin maganar nan.

Kuma ba zunubi kaɗai ba ne, laifi ne a dokar ƙasa, akwai dokar satar jarrabawa ta 1999. NECO da WAEC suna iya riƙe sakamakon cibiya gaba ɗaya, suna iya janye wa makaranta izinin zama cibiya na wasu shekaru. Ranar nan sunan shugaba ne a takarda.

Yadda za a yi kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu zai fara, ba ana saura mako biyu ba. Ya gwada 'yan aji biyar a karatu da rubutu da lissafin firamare, zai sha mamaki, akwai wanda ba ya iya karanta tambayar balle ya amsa. A ware su, a ba su awa ɗaya kullum. 'Yan bautar ƙasa da ɗaliban koyon koyarwa da ake turowa daga Sa'adatu Rimi da Bayero, maimakon a bar su zaune a ƙarƙashin bishiya, a ba su wannan aikin da malami ɗaya mai duba su. Kuma ya gaya wa iyaye da daraktan shiyya tun yanzu cewa bana ba za a yi ba, sakamako zai iya sauka. Wanda aka gaya wa tun da wuri ba kamar wanda abin ya faɗo wa ba ne.

Ɗan Dorayi:
Allah ya sa su saurara. Ni na ga inda ba su saurara ba.

Ummu Nana:
Ƙaramin abu tunda ana maganar jarrabawa. Malam ka sa ido da kanka a kan rubuta sunayen yara da ranar haihuwa lokacin rajista. Tun 2021 JAMB ba ta yi sai da lambar NIN. Yaro a NIN Muhammad, a NECO Mohammed, ko an juya sunan uba ya dawo gaba, sai ka ga uwa tana yawo tsakanin kotu da kafe wata da watanni. Kowane yaro ya kawo takardar NIN ɗinsa, ya karanta sunansa ya sa hannu kafin a tura.

Abban Sadik:
Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari, yau kwana tara da kama aiki.

Na je gidan malamina ranar Asabar kamar yadda Baba ya ce. Ya shimfiɗa mini darduma na ƙi, na zauna a ƙasa. Ban gama maganata ba ya tsayar da ni. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, ya ji zafi ranar da ya ji an turo wani, ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Amma da ya ga ni ne sai ya ce ai gonarsa ce ta yi kyau. Ya roƙe ni abu biyu: kada in ƙara durƙusa masa a gaban yara, kuma idan ya yi kuskure in kira shi ofis mu biyu, kada ya ji a bakin wani. Ni kuma na roƙe shi ya ci gaba da riƙe tarbiyya da hulɗa da 'yan unguwa, domin ya san iyayen yaran nan da kakanninsu. Da zan tafi ya ba ni wani tsohon littafi da yake rubuta komai a ciki tun wata biyar ɗin, har da allin da ya saya da kuɗinsa.

Mun ƙirga kaya kwana uku. Benci ya gaza abin da ke takarda da yawa, amma karyayyun suna jibge a wani aji da aka kulle, kafinta ya ce fiye da rabi za su tashi. Satifiket biyu ne ba mu gani ba, mun rubuta a takardar miƙa aiki mu duka muka sa hannu, na kai shiyya.

Ɗan Gwammaja, ban ja layi ba tukuna, amma ban bar maganarka ba. Kullum bakwai da kwata ina bakin ƙofa ina gaisawa da duk mai shigowa. A taron malamai na ce ranar Litinin ta mako na uku jan biro zai fara, kafin nan duk mai uzuri ya same ni mu duba jadawali. Mutum goma sha ɗaya sun zo. Na kuma ɗauki lissafin aji biyar guda ɗaya, darasin da ke bin tara, don kada in nemi abin da ni ba na yi. Hajiya Maman Khalifa, na shiga banɗakin. Ɗanki bai faɗi rabi ba. Mai unguwa da liman za su zo Asabar su gani.

Ga sabuwar da ta taso. Akwai malami ɗaya da sunansa ke cikin jadawali, hannunsa na cikin littafi kullum, amma kwana tara ban sa shi a ido ba. Monitoci sun ce tun zangon da ya wuce bai shiga ba. Da na tambaya sai aka ja ni gefe aka ce in bar shi, yana da mutane a sama, wanda ya gabace ni ma bai taɓa shi ba.

Ɗan Gwammaja:
To ka gani. Idan ka ja wa Malama mai hawa adaidaita uku layi ka bar wannan, ni da kaina zan ce ka yi zalunci. Da shi za ka fara.

Malama Hotoro:
Yau dai mun haɗu a magana ɗaya, Malam.

Baba Mai Ritaya:
Madalla da malaminka, Allah ya sa ya gama lafiya. Ka mayar masa da kuɗin allinsa ta hanyar da ba zai ji kunya ba.

Shi kuma wancan, kada ka yi faɗa da inuwa, kuma kada ka ambaci mutanensa na sama ko da wasa. Littafin sa hannu ya dawo kan teburinka daga gobe, kowa ya sa a gabanka ko gaban mataimaki, ka ga mai sa masa ya daina. Ka kira shi a waya da kanka, cikin mutunci, ka ce sabon shugaba ne yana son ganinsa, domin wani lokaci sai ka tarar ciwo ne ko wata masifa da aka ɓoye. Idan bai zo ba ka rubuta masa, masinja ya kai, ya sa hannu ya karɓa. Bayan mako guda ka rubuta ta biyu. Ta uku ba shi za ka rubuta wa ba, daraktan shiyya za ka rubuta wa, ka haɗa kwafin biyun da takardun monitoci, ka ce ajin kaza ba shi da malamin darasi kaza tun ranar kaza, kana neman a turo wani. Wane darasi yake koyarwa?

Abban Sadik:
Turanci, Baba. Aji shida guda biyu.

Baba Mai Ritaya:
To kada ka jira takardu su gama zagayawa. Gobe ka raba azuzuwan nan biyu ga waɗanda kake da su, ko da za a haɗa su a babban ɗaki. Ka kira shi yau kafin magariba.